Ranar da Ƙararrawar Hasumiya ta Ɓata

Da hantsi aka gane ƙararrawar ba ta nan.

Jagora ce ta fara gani. Budurwa ce mai kimanin shekara ashirin da shida, wadda hukumar gandun daji ta ɗauka aikin zagayawa da masu yawon buɗe ido, kuma tun da ta kama aikin sunanta ya ɓace a bakin mutane. Ran nan ta hau da baƙinta zuwa tsohuwar hasumiyar da ke can saman ƙauyen, inda gidaje suka ƙare dutse ya miƙe, don su yi hoton ban kwana kafin motarsu ta gangara. Baba Mai-gadi ya buɗe kwaɗo, ta shige gaba tana ba su labari, ta kama ƙyallen da ake lulluɓe ƙararrawar da shi ta yaye. Sai ga bokitin sharar Baba a kife.

Ƙararrawar ta tagulla ce, ba ta fi ƙaramin tulu girma ba, amma nauyinta ya kai rabin buhun siminti. An ce a zamanin da ita ake kaɗawa idan an hango mahara a kwari. Yanzu ajiye take kan dakali a ɗakin ƙasa na hasumiyar, kuma saboda ita motoci suke hawowa wannan dutse. Da ita masaukin baƙi yake ci, da masu sayar da ruwan sanyi, da matan da ke saƙa jakunkuna a bakin hanya.

Kafin a jima garin duka ya hallara. Maigari ya sa aka gindaya gungume a hanya, ya ce babu motar da za ta sauka. Ba a fasa kwaɗo ba, makullai kuma biyu ne kacal: ɗaya a hannun Baba Mai-gadi, wanda ya shekara arba'in yana wannan aiki ko allura ba ta taɓa ɓata ba, ɗayan a hannun Jagora. Sai wata mata ta ce jiya dab da magariba ta ga Jagora ta hau hasumiyar ita kaɗai, har da gudunta. Shi ke nan, idanu suka koma wuri ɗaya. Maigari ya ce idan la'asar ta yi ba a ga ƙararrawa ba, zai kira 'yan sanda ya miƙa yarinyar, hasumiya kuma ya rufe ta ga baƙi har sai abin da hali ya yi.

A nan ne aka yi wa mai bin sawu waya.

* * *

Kai-Ƙasa ake ce masa, don ba ya tafiya sai kansa a sunkuye. Da can maharbi ne, daga baya hukumar gandun ta ɗauke shi yana bin sawun namun daji da na masu farautar sata. Matarsa takan ce idan ta ɓata a kasuwa, da sawunta zai gane ta ba da fuska ba. Sai dai akwai matsala ɗaya da kowa ya sani: Jagora 'yar yayarsa ce.

Yana isowa wani daga cikin taron ya faɗa a fili cewa kawu ba zai kama 'yarsa ba. Kai-Ƙasa bai waiwaya ba. Ya gaida Maigari, ya dubi ƙofar hasumiyar inda ƙafafu fiye da ɗari suka tattake, ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, duk abin da na gani a ƙasa, sai ka gan shi da idonka kafin na taɓa. Idan ƙasa ta ce ita ce, ni zan riƙe hannunta na kai ta."

Maigari ya ce ya yarda.

Ya sami Jagora zaune kan dutse, makullin a tafin hannunta ta damƙe shi har ya yi mata shaida. Ba ta yi kuka ba, amma leɓenta ya bushe. Ta ba shi labarin jiya daki-daki. Da safe ta nuna wa baƙin su bakwai ƙararrawa. Da azahar aka yi yayyafi, da ya ɗauke ta tafi da shida cikin gandun, zuwa inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, suka kalli birai da garken ɓauna, ba su dawo ba sai wajen ƙarfe biyar. Na bakwai ɗin wani bawan Allah ne mai ciwon ƙafa, da sanda yake dogarawa, da ƙyar ma ya hau matakalar hasumiyar ana yi masa sannu, don haka ya ce zai zauna wajen Baba ya huta. Yau ma a masauki aka bar shi. Hawan da ta yi da yamma kuwa, wata Hajiya ce cikin baƙin ta manta tabarau a kan benci, ta ruga ta ɗauko, ta tarar har Baba ya kulle ya tafi.

Hajiyar tana kusa, ta ɗaga tabarau ɗin ta ce wallahi haka aka yi. Mutanen gari suka ce tabarau ba ya hana buɗe kwaɗo.

"Kawu, ka yarda da ni?" in ji Jagora a hankali.

Ya ce mata ta sha ruwa ta zauna a inuwa. Daga nan ya tashi ya koma kan aikinsa.

* * *

Wanda aka fi zargi a cikin baƙin shi ne Mai-hoto, wani siririn mutum da ba ya rabuwa da kyamara. Jiya ya zagaya ƙararrawar ya fi sau goma, ya tambayi shekarunta, ya tambayi nauyinta, har ya auna bakinta da tafin hannu. Yau da sassafe kuma an gan shi a bayan hasumiya. Da aka tambaye shi, sai ya fara in-ina, gumi na karyo masa, ya ce fitowar rana ya je ɗauka, tambayoyin kuma don rubutun da yake yi ne a kan tsofaffin gine-gine.

Kai-Ƙasa ya zaga baya, inda taron bai kai ba. Sawun kambas ɗin Mai-hoto na nan sarai. Ya tafi zuwa wani falalen dutse, ga huda uku na ƙafafun abin ɗora kyamara, sannan ya dawo ta inda ya bi. Takun mutumin da babu kaya a kansa ne, tafiya da dawowa. Hotunan da ke cikin kyamarar ma suka nuna haka. Kai-Ƙasa ya ce masa ya je ya huta. Mai-hoto ya kama hannunsa da hannu biyu yana ta godiya kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Amma Kai-Ƙasa bai bar wurin ba, don ya ga wani abu dabam. A gefen katanga, inda wata siririyar hanyar awaki ta gangara ta cikin duwatsu, akwai sawun takalmi sau-ciki na namiji. Dunduniyar hagu tana da tsaga, kamar wadda ƙusa ta yanka.

Ya bi shi.

Mai takalmin ya sauka ne da gajerun taku, ƙafafu a ware, dunduniya na nutsewa. Duk wanda ya taɓa rungumar kaya mai nauyi a ƙirji ya san wannan tafiya. Sau biyu ya tsaya ya sauke, har bakin abin da ya ɗauko ya zana da'ira a ƙasa. A gefe kuma ga sawun dawowarsa: dogayen taku, yatsu na tona ƙasa, mutum mai ƙarfi kuma mai sauri. Kai-Ƙasa ya tsuguna ya taɓa bakin sawun. An yi shi ne ƙasa na da danshi, wato bayan yayyafi. A kansa kuma ga kofaton awaki sun tattaka, suna hawowa gida. Awakin garin nan tun ƙarfe huɗu da rabi suke dawowa, kowa ya sani.

Ya daɗe a tsugune. Tsakanin yayyafi da dawowar awaki, 'yar yayarsa na can cikin gandu, da mutum shida a bayanta. Ya sauke wata irin ajiyar zuciya da bai san yana riƙe da ita ba tun safe, ya ce alhamdu lillahi shi kaɗai a cikin duwatsu.

Hanyar awakin ta ɓulle ne a titin mota, daidai kwana ta biyu idan ana sauka daga gari. Akwai kwalbati a wurin. Ya kwanta rubda-ciki ya leƙa. Can ciki, bayan busasshiyar ciyawar da aka cusa, tagulla na ɗan ƙyalli. Bai taɓa ba. Ya nemi faffaɗan dutse ya jingina kan sawun da ya fi fita don kada iska ko dabba ta ɓata shi, ya juya ya hawo gari.

* * *

Baba Mai-gadi ya rantse wa Maigari tun safe cewa jiya bai motsa daga ƙofar hasumiya ba. Kai-Ƙasa ya ja shi gefe, bayan wata bishiya, inda ba mai jin su. Bai tuhume shi ba. Ya tambaye shi lafiyar gwiwa, ya tambayi lafiyar matarsa Inna, sannan ya ce a kan hanyarsa ta hawowa ya ga sawun silifas ɗin Baba ya sauka gari bayan yayyafi, ya dawo yana ɗigar da ruwa a gefen dama.

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya ce baƙon nan mai sanda ne ƙafarsa ta tashi, yana ta murƙususu a kan benci, ya roƙe shi ruwan zafi ya gasa. Ina zai ga baƙo a haka ya ƙyale? Ya sauka gida, ya tarar babu wuta, sai da Inna ta hura. Ya yi kusan awa guda. Ƙofar kuwa a buɗe ya bar ta, don wa zai yi tunanin wani abu ga mutumin da ko tsayuwa ba ya iyawa? Da ya dawo ya same shi inda ya bar shi, ya jiƙe sharkaf da gumi, ya ce azabar ciwo ce. Da yamma Baba ya leƙa, ya ga ƙyalle na nan a lulluɓe, ya kulle.

"Kunya ce ta hana ni faɗa, ɗana," in ji shi. "Shekara arba'in. Sai ga shi na zuba ido ana neman ɗaure 'yar mutane."

Kai-Ƙasa ya ce masa tausayi ba laifi ba ne, shirun ne ya kusa zama laifi, kuma har yanzu da sauran lokaci. Ya roƙe shi ya nuna masa daidai inda baƙon ya zauna. Ƙarƙashin bencin babu wanda ya taka. Ya duba ya ga abin da yake nema.

Saura mutum ɗaya. Direban baƙin na kwance a ƙarƙashin motarsa yana mita, wai shi aikinsa tuƙi, an mai da shi fursuna a kan dutse. Kai-Ƙasa ya tambaye shi ko akwai wanda ya nemi a tsaya a hanya idan za a sauka. Direba ya ce babu, sai kuma ya tuna ya tashi zaune. Ya ce mai sandan nan ya ce masa yana da matsalar fitsari, don Allah idan an kai kwana ta biyu a ɗan tsaya masa, kuma a bar masa kujerar baya kusa da ƙofa, shi da babbar jakarsa. Shi bai ɗauki maganar a bakin komai ba.

Daga nan Kai-Ƙasa ya ɗauki Maigari da dattawa biyu suka gangara ta titi. Maigari da kansa ya durƙusa, da babbar rigarsa da komai, ya janye ciyawar. Da ya ga ƙararrawar sai ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, idonsa ya kawo ruwa. Aka ɗaga dutsen aka nuna masa sawu mai tsaga. Kai-Ƙasa ya roƙe su kada su ce wa kowa komai tukuna, aka bar dattijo ɗaya yana gadi.

* * *

Ana kiran la'asar aka tara mutane a farfajiyar masaukin baƙi. Kai-Ƙasa ya sa an share tsakiyar filin, an yayyafa ruwa, an baje yashi ya yi sumul. Ya ce kowa zai taka daga wannan bango zuwa wancan, da takalmin da ke ƙafarsa. Shi ya fara, sai Maigari, sai Jagora, sai Baba. Hajiya ta wuce tana cewa rabon da a sa ta maci tun tana makaranta. Mai-hoto ya wuce a ɗarare. Direba ya wuce yana ƙunƙuni.

Mai-sanda yana zaune kan kujera a baranda, dattijo-dattijo mai fara'a, wanda tun jiya kowa ke yi wa sannu. Ya yi murmushi ya ce shi ai gurgu ne, amma tunda doka ce zai gwada. Ya miƙe da ƙyar, ya ratsa yashin yana ɗingishi, sanda a hannun dama. Wata mata ta ce haba, ai wannan zalunci ne.

Kai-Ƙasa ya tsuguna bakin sawun, ya kira Maigari. Dunduniyar hagu tana da tsaga.

Mai-sanda ya ce takalma irin nasa sun cika kasuwa, kuma duk mai ido ya ga ba zai iya ɗaukar ko buta ya sauka dutse ba. Ya faɗa cikin natsuwa, har wasu suka gyaɗa kai.

"Gaskiya ne, mai ciwon ƙafa ba zai iya ba," in ji Kai-Ƙasa. "Amma ku zo ku ga sandar. Wanda ya dogara da sanda, nauyinsa na kanta, sai ta huda ƙasa. Wannan ɗan taɓawa kawai take yi, kamar kaza na tsattsaga. Ƙafar da ake cewa tana ciwo kuma, ku dubi yatsunta, ta tura ƙasa baya daidai da mai lafiyar. Haka na gani a ƙarƙashin benci. Takalmi ɗaya ne, amma a gaban mutane tafiyarsa dabam, a hanyar awaki dabam."

Baba Mai-gadi ya matso, ya faɗi labarin ruwan zafi a gaban kowa, bai rage komai ba. Direba ya faɗi maganar kwana ta biyu. Sai Maigari ya ce, a hankali, ƙararrawa na cikin kwalbati, shi da kansa ya gan ta.

Mai-sanda ya ja da baya da sauri, taku ɗaya, biyu, uku, yana waigen ƙofar fita, sandar a sama ko ƙasa ba ta taɓa ba. Samari biyu suka tare ƙofar. Kai-Ƙasa ya taka gaba. Ya nuna yashi da yatsa kawai, inda sawu uku suka fito ras, kowanne cikakke.

Mutumin ya dubi ƙasa, ya dubi jama'a, ya koma ya zauna. Da aka buɗe babbar jakarsa, babu komai ciki sai tsohon bargo da igiya. Daga baya ya gaya wa 'yan sanda cewa wani dillalin kayan tarihi ne a birni ya aiko shi, kuma ba wannan ne wuri na farko da ya yi ɗingishi ba.

Wasu samari suka so su taɓa lafiyarsa, Maigari ya daka musu tsawa. Da motar 'yan sanda ta iso aka sa shi a baya, Direba ya ce to, mai sanda ya tafi da 'yan sanda, ai zumunci ya ƙullu. Dariyar da aka yi ta fi ƙarfin maganar, kowa dai ya samu inda zai sauke abin da ke ƙirjinsa.

* * *

Mutum huɗu suka ɗauko ƙararrawar a kan wani katako, yara da mata na biye, har cikin hasumiya. Baba ya goge ta da hannun rigarsa. Ya ciro makullinsa ya miƙa wa Maigari, ya ce ya tsufa. Maigari ya mayar masa, ya ce makullin na nan inda yake, sai dai daga yau duk baƙon da ke son ruwan zafi ya sauka gari da ƙafarsa.

Sannan Maigari ya juya wajen Jagora, a gaban mutanen da suka nuna ta da yatsa da safe, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce ya yi gaggawa, ya ɗora mata abin da ba ta ji ba ba ta gani ba, ta yafe masa, ta yafe wa gari. Matar da ta ce ta gan ta da yamma ta zo ta kama gefen mayafinta tana ba da haƙuri. Jagora ta ce ba komai, ya wuce. Muryarta ba ta rawa, har mutane suka yi mamakin ƙarfin halinta.

Sai da taro ya watse ta je ta sami kawunta. Yana zaune kan matakala ya cire takalmi yana zazzage yashi. Ta zauna kusa da shi, ta buɗe baki za ta yi magana, sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda aka riƙe tun safe. Ya bar ta ta yi mai isarta, yana bubbuga takalmin a jikin dutse kamar bai ji ba.

Da ta lafa, ta share fuska ta ce, "Na tambaye ka ko ka yarda da ni, ba ka amsa ba."

"Da na amsa a lokacin, da babu wanda zai yarda da abin da zan faɗa daga baya," in ji shi. "Amma ki sani, duk saukar da na yi a hanyar awakin nan, addu'a nake ta yi. Ban taɓa bin sawu ina tsoron abin da zan tarar ba sai yau."

Ta yi dariya hawaye na zuba. Ya ce ta tashi ta kira mahaifiyarta tun labari bai isa can a karkace ba, in ba haka ba shi ne zai sha faɗa.

Tana cikin wayar sai ga Hajiya ta hawo tana haki, sauran baƙin biyar a bayanta. Ta ce sun yi shawara da Direba, yamma ta yi, ba za su sauka yau ba. Kuma tunda da safe an katse musu labari a tsakiya, suna so a ƙarasa musu, daga inda aka hango mahara a kwari.

Jagora ta dubi kawunta. Ya ɗaga mata gira. Ta gyara mayafi, ta miƙe, ta ce su biyo ta, su kula da matakala ta uku don tana da santsi.